Alhamis ɗinmu ta kwaɓa burodi

Kusan shekara 2 ke nan ina aikin kula da mutane a wani gida a unguwar Prestwich, can arewacin Manchester, inda Yahudawa suke da yawa, don in ka cire Landan babu garin da ya kai Manchester yawansu a Ingila. Manya ne masu buƙata ta musamman su 6, duka Yahudawa, yawancinsu lalurar jinkirin fahimta ce, ɗaya kuma tana kan keken guragu. Ni Bakanuwa ce Musulma, ranar da na fara aiki iyakar abin da na sani game da abincinsu shi ne ba sa cin alade kamar mu.

Duk Alhamis da yamma wata mata 'yar sa-kai take zuwa ta koya musu girki, kuma Alhamis ɗin ba haka kawai aka zaɓe ta ba, saboda da zarar rana ta kusa faɗuwa ran Juma'a Shabbat, wato ranar hutun Yahudawa ta mako, ta shiga, ba a kunna wuta sai daren Asabar, ga shi a watan Disamba kafin ƙarfe 4 ta shiga. Abin da aka fi yi shi ne halla, burodin nan da ake masa kitso, fulawa da yis da ƙwai da mai da ɗan sukari. Guda 2 ake ajiyewa a tebur don tunawa da mannu da Bani Isra'ila suke samun ninkinsa ran Juma'a a jeji, da na ji haka sai da tsikar jikina ta tashi don mu ma mun karanta mannu da salwa a Baƙara.

Akwai wani bawan Allah a gidan, ya haura 50, sai ya wuni bai yi magana 10 ba. Aikinsa duba ƙwai, don su ba sa cin ƙwan da ke da ɗigon jini. Ɗaya-ɗaya yake fasawa a kofin gilashi, ya ɗaga saitin fitila, ya juya shi a hankali, ya leƙa ta ƙasa, sannan ya gyaɗa kai ya miƙa. Wallahi ko gobara ake ba ya gaggawa. Shi ne kuma mai kunna oben, saboda a ƙa'idar da gidan yake bi sai Bayahude ya sa hannu a girkin ko da kunna wutar ce kawai. Wato ni mai ƙafa da hannu lafiya lau ba zan iya wannan ba, sai an jira shi, kuma ya san ana jiransa, kana gani a tafiyarsa.

Kicin ɗin ma kashi biyu ne, kayan nama jajaye, na madara shuɗaye, ba sa haɗuwa ko a wajen wanke-wanke. Satina na biyu na ɗauko shuɗin ludayi zan juya miyar kaza, sai baiwar Allahn nan mai keke ta ɗaga murya ta ce milchig, wato na madara a Yiddish, yaren Yahudawan Turai. Na tsaya cak. Ita da nake wa wanka kullum da safe, ita ta zaunar da ni ta koya min da haƙuri har na gane.

Shi ya sa raina yake ɓaci in ma'aikata sun yi ƙaranci aka fara cewa a sayo halla a shago mana, ai ya fi sauri kuma ya fi kyan gani. Eh ya fi sauri, namu kitson a karkace yake fitowa, fulawa har cikin hijabina, awa 3 muna abu ɗaya. Amma mutanen nan tun suna yara ake yi musu komai, a dafa a ajiye musu, a zaɓa musu abin da za su ci, kuma wannan burodin ne suka tashi suna ganin iyayensu mata suna yi a gida, don me za a ƙwace musu shi saboda agogo?

Ran wata Juma'a mahaifiyar mai duba ƙwan ta zo, tsohuwa tukuf da sanda. Aka yaye ƙyallen da ake rufe burodin, aka yi addu'a, aka yanka aka dangwala a gishiri. Ya tura mata nata yankan, ya nuna ƙirjinsa da yatsa. Ta daɗe tana riƙe da shi a hannu kafin ta kai baki.