Tashin zuciya: abin da na gwada a laulayina da kuma jinyar Mama

Ni dai a laulayin cikina ba aman ne ya fi wahalar da ni ba, tashin zuciyar nan ce da ba ta san safe ko dare ba, ko ƙamshin sabulu na ji sai cikina ya juya. Yawanci abin yana farawa ne wajen sati na 6, ya fara lafawa bayan sati 12 zuwa 14, nawa ma haka ya yi.

Abu na farko da na gane shi ne zama da yunwa ke ƙara hura shi. Sai na riƙa ajiye busasshen biskit a gefen gado, ina farkawa in ci ɗaya ko biyu tun ina kwance, in ɗan jira kafin in miƙe, sannan duk ranar in yi ta cin abu kaɗan-kaɗan ba wai in cika faranti ba. Abinci in ya huce warinsa yana raguwa, wannan kam ya taimake ni sosai. Ruwa kuma kurɓa-kurɓa, tsakanin abinci. Ga citta, ɗanya nake yankawa in zuba a ruwan zafi, ba a so a zarce kamar giram 1 na garinta a rana, ni ma in ta yi yawa ƙwannafi take sa ni. Akwai kuma danna wuyan hannu, a auna yatsu uku daga layin wuyan hannu ta ciki, tsakanin jijiyoyin nan biyu, a danna na ɗan mintuna. Gaskiya wataran yana yi wataran ko alama.

Da Mama ta fara kimo, wato maganin ciwon daji (kansa) da ake ba ta a asibiti, sai na dawo da duk waɗannan, amma fa nata daban ne. Maganin hana amai da likita ya rubuta shi ne gaba, ana sha a kan lokaci tun kafin zuciyar ta tashi, dabarun nan ƙari ne kawai. Cittar ma sai da muka tambaya tukuna, don tana iya karo da maganin tsinka jini. Bakinta ya koma ɗanɗanon ƙarfe, muka canza mata cokali zuwa na roba. Wata nas ce ta ce kar mu ba ta abincin da ta fi so ranar kimo, don in ta yi amansa za ta tsane shi, wallahi ban taɓa tunanin haka ba. Abin da ya fi ba ni tausayi, tun a hanyar asibiti zuciyarta ke fara tashi, jiki ya riga ya haddace wajen, sai mu yi ta jan numfashi a hankali tare ina janta da hira.

In mai ciki ko mai kimo ta kai ko ruwa ba ya zama, fitsari ya yi duhu ko ya ragu, ga jiri, to a bar citta a tafi asibiti, wataƙila ƙarin ruwa take buƙata.