Lambun bayan gida da kyanwata

Alhamdulillahi, sanyi ya ja baya, ƙasa ta fara ɗumi, na koma lambun bayan gida. Tumatir a ƙananan kofuna na fara renonsa kusa da taga, domin ba ya jure sanyin dare, sai ƙasa ta ɗumama sosai yake kama saiwa. Wake kuwa kai tsaye na shuka shi, ba ya son dashe. Ƙananan ƙullutun da ke jikin saiwarsa su ke tara naitirojin, wani sinadari da shuka ke buƙata don girma, daga iska, ƙasa ta ƙaru.

Duk inda na tsuguna kyanwata tana gefe, tana shinshina ƙasar da na kafta, hancinta duk ya yi baƙi. Wallahi zamanta a wurin yana sanyaya mini rai. Sai dai ƙasa mai laushi ita kyanwa ke so ta tona ta yi kashi, kuma kashin na iya ɗauke da ƙwayar cuta da ake kira toksoplasma, mai haɗari ga mai juna biyu. Shi ya sa na shimfiɗa ragar waya a kan kunyoyin, ina sa safar hannu, ina wanke ganye sosai.

Albasa da tafarnuwa na killace su, don ɗanyu ko dafaffu suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa da kare. Furen lili kam bai shigo gidana ba sam. Ko garin furen ta lasa a gashinta, yana iya kashe mata ƙoda.

Na shuka mata alkama a tukunya tata ita kaɗai, ganyen take tsinka da safe.