Shekara biyu ina cewa tsufa ne ke damun Baba

Ƙannena, kuskuren da zan ba ku labari ni na tafka shi a kan mahaifina da cutar Parkinson ta kama, har yau in na tuna sai in ji wani iri wallahi.

Baba tela ne tun kafin a haife ni. Abin ya fara da hannunsa na dama, in yana zaune bayan la'asar ya ɗora hannun a cinya sai ka ga babban yatsa yana murza manuni kamar mai jan carbi, alhali carbin na cikin aljihu. Abin da ya ruɗe mu, da ya miƙa hannu zai ɗau kofin shayi sai rawar ta lafa, ni kuma da wayona nace ai ciwo baya zuwa yana tafiya haka, ko tsufa ne ko an yi masa jifa a kasuwa. Haka muka kwashe shekara biyu, rubutu, hayaƙi, wani mai magani har tunkiya ya karɓa. Ban ce kar a yi addu'a ba fa, amma da mun haɗa da asibiti tun farko.

Wanda ya fi min ciwo fuskarsa ce. Ta daina motsi, ba murmushi, ƙifta ido ma sai jefi-jefi, na ɗauka fushi yake da mu har na taɓa ce masa "Baba in laifi muka yi ka faɗa mana", yace "ba komai" da wata murya can ƙasa da kyar na ji. Ga saka maɓallin riga ya zama aiki, tafiya yana jan ƙafa taku ƙanana, hannun daman baya lilo, littafin da yake rubuta awon kwastomomi rubutun ya ƙanƙance kamar tururuwa, ni kuma ranar Juma'a ina gaba ina waiwaye ina cewa ya yi sauri za a tada salla. Allah ya yafe min.

Ranar da muka ga likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, tafiya ya sa shi ya yi, ya sa shi buɗe hannu da rufewa, sai ya juya ya tambayi Umma ko Baba na jin ƙamshi, ko bayan gida na masa wuya, ko yana ihu da kai duka cikin barci. Umma tace ai wannan sun riga rawar hannun da shekaru, ko girki ya ƙone baya ji. Yace cutar Parkinson ce, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin ne ke mutuwa a hankali, shi kuma dofamin shi ke daidaita motsi. Sunan cutar na wani likita ne a Landan, James Parkinson, da ya bayyana ta tun 1817. Ita ce ta kama ɗan damben nan Muhammad Ali, ku nemi bidiyonsa yana kunna wutar gasar Olamfik a Atlanta a 1996, hannu na rawa sak irin na Baba. Hukumar Lafiya ta Duniya tace a 2019 masu ita sun haura miliyan 8.5.

To in kun ga rawar hannu a ɓangare ɗaya lokacin da mutum ke zaune, ga nawa wajen motsi ga sanƙarewar jiki, ku kai shi asibiti, ba kowace rawa ce Parkinson ba amma likita ne zai tantance. Ba a ɗaukarta, kar ku ware masa kwano. Ba ta warkewa gaba ɗaya, amma akwai maganin levodopa, kuma lokacin shansa ba wasa, da an makara jikin Baba ke daskarewa, ni alam na saka a waya. Motsa jiki ma likitan ya jaddada.

Yanzu Baba na hawa keken ɗinki da safe in magani ya kama, zare a allura dai ƙanina ke saka masa. Juma'a kuma sha biyu da rabi muke fita.