Yadda Nake Yi wa Karen Gidanmu Ƙwalama da Dankali da Kabewa

Abin da ya fi wuya a wannan aikin shi ne riƙe hannu. Duk macen da ta tashi a madafin Hausawa, da ta ɗora tukunya hannunta zai nufi albasa, daga nan gishiri, daga nan dunƙule da attaruhu. Ƙwalamar kare kuwa ba ta son ko ɗaya a cikinsu. Dankali ne tsurarsa, kabewa tsurarta, karas yadda Allah ya halicce shi. In kika ɗanɗana za ki ji lami, ranki ya ce a ɗan barbaɗa wani abu. Kada ki barbaɗa.

Gidanmu yana bayan garin Kano, inda gidaje ba su gama haɗewa ba, saboda haka muna da kare na gadi. Duna sunansa, baƙi ne wuluk, irin karnukanmu na gida masu siririn ciki da dogayen ƙafafu. Abincinsa na yau da kullum tuwo ne da abin da maigida yake samo masa wajen mahauta, a dafa masa daban. Maganar kayan lambu ta faro ne ranar da likitan dabbobi ya zo yi masa allurar rigakafin haukan kare. Duna ya ƙi tsayawa, sai da mutum biyu suka danne shi, yana kuka yana fizga. Da aka gama likitan ya ce da ni, "Hajiya, ki samo ɗan abin da yake so, ki riƙa ba shi da hannu idan ya yi abin kirki. Baɗi ba sai an danne shi ba. Amma don Allah ban da abin da albasa ta taɓa."

Na ce, "Likita, albasa kuma? Ai ko'ina ragowar miya ake juye wa kare."

Ya ce wannan ɗabi'ar ce take kawo masa karnuka da yawa a galabaice, masu su suna cewa sammu aka yi musu ko guba maƙwabta suka zuba.

Albasa da tafarnuwa da duk danginsu suna ɗauke da sinadaran da ke lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, su riƙa fashewa har jininsa ya yi ƙasa. Dafuwa ba ta kashe wannan illar, suya ma haka, garin albasa da na tafarnuwa kuwa sun fi ɗanyen ƙarfi tunda an tsotse ruwan. Abin da ke ruɗar mutane shi ne ba nan take alamar ke fitowa ba. Sai bayan 'yan kwanaki a ga kare ya yi laushi, yana haki ba gudu ya yi ba, dasashinsa ya koma fari-fari, fitsarinsa ya yi ja ko ya yi duhu. A lokacin kowa ya manta da miyar shekaranjiya. Da na fahimci haka sai na dubi abubuwan da muke jefa wa kare da sunan gata: guntun tsire da yajinsa, kilishi, ƙasan tukunyar dafa-duka, ragowar alala. Kusan babu wanda albasa ko tafarnuwa ba ta shiga ba.

Akwai wasu kuma da ban taɓa kawowa a raina ba. Goro yana da sinadarin kafeyin, mai hana barci, da wani sinadari da ake kira tiyobromin, wanda shi ne dai yake sa cakulan ya zama guba ga kare, don jikinsa ba ya iya fitar da shi da sauri kamar na mutum. A gidan da ake da tsofaffi masu cin goro, wannan abin lura ne. Inabi da busasshensa, wato zabibi, suna iya kashe wa kare ƙoda, ko da 'yan ƙwayoyi ne. Cingam da alawar da aka rubuta ba su da sukari, da yawansu da wani sinadari mai suna zailitol ake zaƙaƙa su, shi kuma yana faɗar da sukarin jinin kare cikin ɗan lokaci. Ɗanyen rogo ma ba na bari ya kusance shi, haka dankalin Turawan da ya yi kore ko ya fara tsiro.

Ranar da Inna ta tarar da ni ina yanka kabewa na ce mata ta Duna ce, kallona ta yi ta ce, "Ke 'yar nan, yaushe kare ya zama akuya?" Tambayarta tana kan hanya, don kare ba zai rayu da ganye ba, nama da kifi da ƙwai su ne ginshiƙin abincinsa. Sai dai zaman dubban shekaru da ɗan Adam ya sauya masa ciki. A 2013 masu bincike a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin sun nuna cewa karnuka sun fi kyarkeci yawan ƙwayar halittar da ke samar da sinadarin narkar da sitaci, shi ya sa kare yake cin tuwo ya narke masa lafiya. Kuma jikinsa yana iya juya sinadarin da ke ba karas da kabewa launinsu ya zama bitamin A, abin da kyanwa ba ta iyawa. Na ce wa Inna ƙari ne kawai a kan abincinsa. Ta ce to, ta zauna ta taya ni cire 'ya'yan kabewar.

Busasshen dankali shi ne wanda na fi yi, shi kuma Duna ya fi so. Dankalin Hausa nake nema a kasuwar Yankaba, miƙaƙƙe wanda ba ƙwari suka huda ba, in na samu mai jan ciki na fi so domin ya fi farin yawan bitamin A. Ina wanke shi sosai da soso, in yanke duk inda ya yi baƙi ko ya ruɓe har sai na kai ga lafiyayyen wuri, in kuwa ɗacin ruɓar ya ratsa shi in yar. Yankan a tsaye nake yi, dogo-dogo, kaurin kamar rabin santimita. In ya fi haka siranta zai bushe ya yi ƙaras-ƙaras, kare ya haɗiye shi a loma ɗaya. In ya fi haka kauri, bayansa zai bushe cikinsa na nan da danshi, nan kuma fumfuna take farawa. Daga nan sai in turara shi a madambaci na 'yan mintoci, daidai yadda farce zai shiga amma yankan bai karye ba. Ɗanyen dankali yana yi wa kare nauyi a ciki, turarawar ce take sauƙaƙa shi.

Shanyar ita ce gwanintar, kuma hunturu ne lokacinta. Ina jera su a faifai ko a kan raga, kowanne da tazara, kada wani ya hau wani, in rufe da yadin gidan sauro saboda ƙuda da ƙurar hunturu. Da la'asar in juya su, da magariba in shigar da su ɗaki don kada raɓa ta mayar da aikin baya. Cikin kwana biyu zuwa uku za ki ga gefensu ya nannaɗe, launin ya yi duhu, fuskar ta yi 'yar yamutsa. Gwajina ɗaya ne: in lanƙwasa guda. In ya lanƙwasu yana turjiya kamar kilishi, kuma da na yaga shi ban ga wani wuri mai laushi ko sheƙin ruwa a tsakiya ba, ya yi. Irin wannan kare yana daɗewa yana tauna shi, ya kwanta ya riƙe shi da ƙafafun gaba yana ja da turamensa.

Da damina ba na ko gwada shanya, domin iska jiƙe take, dankalin zai yi yauƙi kafin ya bushe. Mai obin sai ta sa shi a wuta kaɗan, kamar digiri 120, na awa biyu da rabi zuwa uku, ta juya shi a tsakiyar lokacin. Ni da gawayi nake yi, irin gashin da muke wa kek: babbar tukunya, yashi mai tsabta a ƙasa, ƙaramin faranti a kan duwatsu uku, murfin a ɗan buɗe don tururi ya samu hanyar fita. Garwashi kaɗan ake so. In wutar ta yi yawa sukarin dankalin ne zai ƙone, ya yi baƙi ya yi ɗaci, cikin kuma bai bushe ba.

Na biyun shi ne biskit ɗin kabewa. Ina dafa kabewa da ruwa zalla, in tsane ta sosai a matsami, in dama ta ta yi laushi. Kofi ɗaya na kabewar, ƙwai ɗaya, karas guda da na goga a abin goga kuɓewa, sai gari kamar kofi biyu da rabi, ina zubawa kaɗan-kaɗan har ƙullin ya daina kama hannu. Garin gero ko na dawa shi kaɗai ba ya riƙe jikinsa, yana fitowa daga wuta zai ruguje, don haka nake raba shi biyu da garin alkama. In murza shi da kwalba, in yanka ƙanana kamar kan ɗan yatsa, in gasa har su yi tauri. Bayan na sauke wutar ina barin su cikin tukunyar su huce tare da yashin, wannan zafin na ƙarshe shi yake ƙarasa busar da su. Kabewa tana da harza mai gyara bayan gida, kuma na ga haka a wajen Duna.

Wani lokaci ina ƙara cokali biyu na tunkuza saboda ƙamshi, kuma nan ne nake so a tsaya a saurare ni da kyau. Gyaɗa da masara in suka sha danshi a ajiya suna yin wata fumfuna mai fitar da gubar da ake kira afilatoksin, wadda take cin hanta. A farkon shekarun 1960 aka gano ta, bayan talo-talo kusan 100,000 sun mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa musu da garin gyaɗa. Kare yana cikin dabbobin da ba sa jure mata ko kaɗan. A ƙarshen 2020 zuwa farkon 2021 an janye wani abincin karnuka daga kasuwannin Amurka saboda ita, bayan an kai rahoton mutuwar dabbobi fiye da 100. Suya da gashi ba sa kawar da ita. Mu kuwa a nan, gyaɗar da ta yamushe ko ta yi baƙi da masarar da ta yi fumfuna su ne daidai abin da ake cewa a ba dabbobi kada a yi asara. Wannan yana damuna ƙwarai. Shi ya sa tunkuzar Duna daga gyaɗar da na tsince da hannuna take fitowa, wadda zan iya yi wa 'ya'yana kunu da ita. Ƙuli-ƙulin kasuwa ba na ba shi, tunda akwai gishiri, wani ma da albasa da barkono.

Sai yawan abin da za a ba shi. Ƙa'idar likitocin dabbobi ita ce ƙwalama kada ta wuce kashi 10 cikin 100 na abin da kare yake buƙata a rana. Kare mai nauyin kilo 18 yana neman kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, kusan 1,000 a rana, giram 100 na dankali kuma yana da kalori 86. Ke nan ƙaramin dankali guda ya kusa cike masa rabonsa na yini, kuma in ya bushe yanka uku ne ko huɗu kawai, sai ido ya raina su. Sabon abu kuma kaɗan ake farawa da shi, a duba bayan gidansa washegari, in ya yi zawo a dakata. Karen da ke da ciwon sukari ko na ƙoda, sai an tambayi likita tukuna.

Ajiya a kwalba mai murfi nake yi, bayan sun huce sarai. Da hunturu suna kai mini mako biyu, da damina kuwa na 'yan kwanaki nake yi, don wutar lantarkinmu ba abin dogaro ba ce balle in ce firji. Duk wanda na ga fari-fari ko kore a jikinsa, kwalbar gaba ɗaya nake zubarwa inda kaji ma ba za su kai ba.

Da bazara, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, ba na kunna wuta saboda shi. Kokwamba nake yanka masa, ko kankana da na cire wa 'ya'ya da ɓawo, ga ruwa mai sanyi a inuwa.

Wasu 'yan'uwa sun tambaye ni maganar tsarki. Duna yana da kwanonsa da wurinsa can gefen ƙofar gida, ba ya shiga ɗaki, ba ya kusantar kwanukanmu ko inda muke salla, kuma ina wanke hannu duk lokacin da na ba shi abu. Malamanmu sun halatta ajiye kare don gadi da farauta da kiwo. Hadisin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa, kowa ya san shi tun a islamiyya. Dabbar da take kwana a waje idonta biyu don mu yi barci, ni a ganina tana da haƙƙi a kanmu fiye da ƙanzo da ruwan wanke-wanke.

Yadda nake ba shi ma da tsarinsa. Ba na zuba masa a kwano, a aljihun zanen aikina nake sa 'yan biskit ɗin. In kira sunansa sau ɗaya, in ya zo ya zauna, nan take in ba shi, domin in aka yi jinkiri ba zai haɗa ladan da abin da ya yi ba. Da ya saba da wannan sai na fara taɓa kunnensa da wuyansa da ƙafafunsa kafin in ba shi, daidai wuraren da likita zai riƙe. Yaran gidan ma na koya musu su miƙa a tafin hannu a buɗe, kada su riƙe da yatsu, kuma kada su je kusa da shi yana cin abincinsa. Yanzu in almajiri ya yi sallama ko mai ruwa ya turo kurarsa, kira ɗaya nake yi Duna ya bar bakin ƙofa ya zo ya zauna, a shigo a fita lafiya. Da lokacin allurarsa ya zagayo, maigida shi kaɗai ya riƙe masa wuya, ni ina gabansa da yankan dankali, likita ya yi abin da ya kawo shi ya rubuta kwanan wata a katinsa.