Tsohon Turanci: ba thou ne matsalar ba

Shekaranjiya wani abokina ya turo min saƙo wai shi a dole sai ya burge ni da Turancin mutanen da, ya rubuta "I thanketh thou". Na yi dariya har da riƙe ciki, don kalma uku ce kacal amma ya yi kuskure biyu. Wannan -eth ɗin da mutane ke mannawa a ƙarshen kowace kalma, na "shi" ko "ita" ne kawai, wato he goeth daidai yake da he goes na yau, ba ya tafiya da I. Sannan thou mai aikatawa ne, wanda aka yi wa abu kuma thee. Abin da ya kamata ya ce shi ne I thank thee, shi ke nan.

Abin da ya fi ba ni mamaki lokacin da na fara bin wannan harka shi ne thou ɗin nan da muke ɗauka kalmar girmamawa ce, ashe sam ba haka ba ne. Thou na mutum ɗaya ne, kai ko ke, ye da you kuma su ne ku. To kamar dai yadda wani lokaci mukan ce wa babba "ku" alhali shi kaɗai ne, haka Turawan Ingila suka riƙa ce wa manya you, suka bar thou wa yaro da bara da masoyi, ko wanda ake son a ci wa fuska. Da tafiya ta yi nisa kowa ya koma you don gudun kar a ce ya raina wani, zuwa ƙarshen ƙarni na 17 thou ta kusa ɓacewa daga maganar yau da kullum, sai a wasu karin harshe na arewacin Ingila irin su Yorkshire. 'Yan ɗariƙar Kirista ta Quaker su ne suka yi taurin kai suka ce kowa ɗaya ne a wurin Allah don haka kowa thou za su ce masa, kuma sun sha wahala a kan haka. Abin da ya sa yau muke jin ƙamshin tsarki a jikinta, littattafan addini ne suka riƙe ta, Baibul na Sarki James na 1611, har ma da fassarar Alƙur'ani ta Pickthall ta 1930.

Amma ni fa a ganina ba su thou ne masu haɗari ba. Kana ganinsu ka san baƙi ne, za ka buɗe ƙamus. Masu kā da mutum su ne waɗanda fuskarsu sananniya ce amma cikinsu ya canza, kana karantawa kana gyaɗa kai alhali ka bar hanya tuntuni.

Dubi let. Yau ma'anarta bari, ƙyale. To akwai wata tsohuwar let da ke nufin hanawa, kishiyarta kai tsaye! Tana nan a fasfon Birtaniya inda aka rubuta without let or hindrance, wato a bar mai shi ya wuce ba tare da tsaiko ba, ni kuwa ranar da na fara cin karo da ita na daɗe ina juya ta ina cewa ya za a ce ya wuce ba tare da an bar shi ba. Masu kallon tanis ma suna jin ta idan ƙwallo ta taɓa raga a bugun farko.

Nice kuwa labarinta abin dariya ne. Daga Latin ta fito, nescius, wanda bai sani ba, ta bi ta Faransanci ta shigo Turanci, kuma a wajajen 1300 idan aka ce maka nice to wawa aka ce maka. Silly ita kuma ta yi tafiyar baya, asalinta mai albarka ne, daga nan ta koma marar laifi, ta koma abin tausayi, har ta ƙare a sakarai. Ɗaya ta hau ɗaya ta sauka. Wasu kuma tsukewa suka yi: meat kowane irin abinci ne a da ba nama kaɗai ba, deer kowace dabba ce ba barewa kaɗai ba, starve mutuwa ce kowace iri ba sai ta yunwa ba, Jamusanci har gobe yana da Tier da sterben da tsohuwar ma'anar. Girl ma a zamanin Chaucer, marubucin Ingila da ya rasu a 1400, yaro ne ko yarinya.

Sai wherefore, wadda ta sha wulaƙanci a hannun mutane. Ba "ina" take nufi ba, "don me" ce, 'yar uwar therefore. A wasan kwaikwayon Shakespeare, da Juliet ta ce wherefore art thou Romeo, ba cigiyar masoyinta Romeo take yi ba, kukanta shi ne don me ya zama Romeo, ɗan gidan abokan gabarsu. Kuma don Allah a daina ce wa Turancin Shakespeare "Old English", mutumin da ya rasu a 1616, nasa farkon Turancin zamani ne. Ainihin Old English na kafin Normawa daga Faransa su ci Ingila a 1066, ko Baturen yau ba ya iya karanta shi sai ya shiga aji, har haruffan da babu su yanzu gare shi. Ɗaya daga ciki shi ne þ mai sautin th, wanda daga baya aka riƙa rubuta shi kamar y, shi ya sa kake ganin ye olde a allon shaguna, ba "yi" ake karantawa ba, the ce kawai ta sa tsofaffin kaya.

Na tura wa abokin nawa duk wannan bayani, na ce kuma mu haɗu nan da sennight, dare bakwai ke nan, ƙanwar fortnight (mako biyu) ce da ta mutu ta bar yayarta. Bai ce uffan ba sai can da dare ya turo kalma biyu, wai "thou nice". Na tambaye shi wace nice ɗin, ta yau ko ta 1300, har yanzu bai ba ni amsa ba.