Talata, da kafaɗar Koci

Da farin ciki na tashi yau. Wuta ta kwana, waya da kwamfuta duk sun cika, Umma kuma ta aiko Auta da ƙosai da kunun gyaɗa tun bakwai ba ta yi ba. Hazo ne kawai ya rufe gari, ko dutsen Dala ba a hangowa daga saman benenmu.

Yau ne zama na uku na taron ƙara wa juna sanin nan da nake ba ku labari, na ɗaliban digiri na biyu da na uku masu nazarin motsa jiki da wasannin masu buƙata ta musamman. Ƙarfe goma aka buɗe Zoom. Wata farfesa daga Turai ce ta yi jawabi, dattijuwa mai magana a tsanake, kuma na ƙaru da ita ƙwarai. Ta nuna mana yadda ake matse bincike guda cikin kalma 250: ka faɗi matsalar, ka faɗi abin da ka yi, ka faɗi abin da ka samu, ka ajiye alƙalami. Ta ja mana kunne kan mujallun nan masu aiko da imel suna kuranta mutum, su karɓi kuɗinsa su buga masa takarda cikin mako guda ba tare da wani masani ya duba ba. Ta ce kowa ya nemi malami na biyu a wajen jami'arsa, wanda ba shi ke ba shi maki ba, don ya samu wanda zai iya faɗa wa abin da ke ba shi tsoro. Sai maganar babban taron duniya na fanninmu, wanda ake yi duk bayan shekara biyu tun 1977, ƙarƙashin ƙungiyar da aka kafa a Kwibek ta Kanada a 1973. Na 2023 can Niyu Zilan aka yi shi. Ban tsaya lissafin kuɗin jirgi ba, na dai rubuta a bayan littafina cewa sai na aika da takarda ko da sau ɗaya ne, na ja layi biyu a ƙasa.

Shafi huɗu na cika. Abin da ya fi min daɗi, awa ɗaya da rabi ina cikin mutanen da ba sai na yi musu bayanin abin da nake karantawa ba. A gida har yanzu Kawu "guje-guje da tsalle-tsalle" yake kiransa.

Sashenmu na jami'a da azahar. Dakta, malamin da ke duba kundin bincikena, ya dawo min da babi na biyu, jan biro ko'ina, amma ya ce aikin ya fara kama hanya. Alala da ruwan leda a bakin ƙofa. Mai adaidaita sahu ya ƙara naira ɗari, ban yi musu ba.

Bayan la'asar na isa filin 'yan ƙwallon guragu da nake bincikena a kansu. Sun riga sun fara, ƙura na tashi, kowa da silifas a tafin hannu. Wanda bai taɓa tsayawa ya kalli ƙwallon guragu ba, ba zai gane ƙarfin da ke cikinta ba. Mutum ya ɗaga jikinsa gaba ɗaya a kan hannu biyu, ya juya, ya kai wa ƙwallo mari, ya koma tsaron gida kafin ka ƙifta ido. Tun 1988 Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro wasan, kuma a babi na ɗaya na ba shi sakin layi guda cur.

Koci yana gefe a kan kekensa, usur a wuya. Yau ma bai shiga ba. Muka gaisa, na tambayi iyali, ya tambayi jikin Umma. Da ya ga na zuge jaka ina fito da takardun tambayoyi sai ya ce, "Malam, an kawo wasu ke nan?"

Na ce eh, waɗannan ne na ƙarshe in Allah ya yarda.

Ya juya ya buɗe akwatin bayan keke, inda yake ajiye famfo da sifana, ya ciro wata baƙar leda. Takardu ne a ciki, an ninke su da kyau, gefensu ya yi ja da ƙura. Takardun amincewa da ake ba su su sa hannu kafin a fara bincike. Ya riƙa zaro su ɗaya bayan ɗaya yana ɗorawa a cinya.

"Wannan ta wani yaro ce mai tabarau, ya auna mana damtse da tef irin na tela. Wannan ta wata baiwar Allah ce, ta zo da agogo, ta sa muka yi tsere daga wancan turke zuwa wannan. Wannan ban tuna fuskarsa ba. Ga taka ta bara." Ya daidaita su da gefen hannu. "Ba ƙorafi nake yi ba, Malam. Duk wanda ya zo mun karɓe shi hannu biyu, kai shaida ne. Tambaya ce kawai. Me kuka gano?"

Na shiga yi masa bayanin cewa bincike yana cin lokaci, sai an tattara, an tantance, an kare a gaban malamai. Ya bar ni har na kai aya. Sannan ya dafa kafaɗarsa ta dama ya ce, "To. Ni dai ga wannan."

Shekara uku ke nan, in ji shi. Hannun da ya dogara da shi duk rayuwarsa, wanda shan inna ba ta taɓa ba a ganinsa, yanzu kafin azahar ya mutu murus. A wurin walda sai ya ajiye aiki ya huta, abin da bai saba ba. Gajiya irin wadda barci ba ya kore ta. Da sanyin nan kuma abin ya fi tsanani. Yana ɗan shekara uku cutar ta kama shi, yanzu ya haura hamsin. Mai magani ya ce masa sammu ne, abokai suka ce tsufa ne.

"Ni kuwa a raina cewa nake cutar ce ta dawo." Ya dubi fili ya tabbatar yaran ba sa ji, ya rage murya. "Jikata da aka haifa da azumi, har yau ban ɗauke ta ba. Uwarta gani take kamar ba na so."

Wallahi sai da na ji ƙafafuna sun yi sanyi. Abin da yake faɗa yana cikin jakar da ke rataye a kafaɗata, a babin da Dakta ya ba ni ɗazu, shafi biyu da rabi da Turanci. Ni na rubuta shi da hannuna.

Na tsuguna kusa da tayar keken na ce, Koci, ni ba likita ba ne, kuma akwai abubuwa da yawa da ke kawo ciwon kafaɗa, balle ga wanda hannunsa ne ƙafarsa shekara hamsin. Amma akwai wani abu sananne da ke samun wasu daga cikin waɗanda suka yi shan inna, yakan bayyana bayan shekara goma sha biyar har zuwa arba'in. Lokacin da cutar ta shiga, ta kashe wasu jijiyoyin laka masu ba tsoka umarni. Waɗanda suka tsira sai suka yi rassa, suka ɗauki aikin waɗanda suka mutu a kan nasu. Na ce masa ya ɗauka 'yan dako goma ne a Dawanau, bakwai suka tafi, ukun da suka rage suka ci gaba da sauke motar goma kullum. Za su yi, har a manta cewa su uku ne. Amma wata rana jiki zai faɗa musu. Har hannun da ake ganin lafiyarsa ƙalau yana iya kasancewa cutar ta ɗan taɓa shi tun farko ba a lura ba.

Sai na faɗi wanda ya fi muhimmanci. Ba ƙwayar cutar ce ta dawo ba. Ba a ɗaukarsa. Ko kwana jikarka ta yi a ƙirjinka, babu abin da zai same ta daga gare ka.

Na ce ya je Asibitin Ƙashi na Dala ya nemi ganin likita da masu gashin ƙashi, su duba su tabbatar ba wani abu ne daban ba. Kafin nan ya daina yi wa hannun dole. Aiki kaɗan, hutu, aiki kaɗan. In ya yi wani motsi ya wayi gari da ciwo ko rauni fiye da jiya, to ya wuce kima, ya rage. Ya riƙa rufe kafaɗar da sanyi. Shekara da shekaru yana gaya wa yaransa a fili cewa mai haƙuri da zafi shi ke cin wasa, ga shi ina gaya masa cewa a nasa jikin yanzu haƙurin shi ke ƙara ɓarna.

Ya daɗe bai ce komai ba. Yana ta shafa bakin ledar da babban yatsa.

"Tun yaushe ka san wannan, Malam?"

Na ce tun bara.

"Tun bara," ya ce. Bai ɗaga murya ba, bai ɓata fuska ba. Ya mayar da takardun cikin leda, har da tawa, ya rufe akwati, ya hura usur a canza gida.

Ban raba takardun ba. Na zauna a kan benci ina kallonsu a hannuna. Tambaya ta tara tana cewa: minti nawa kake motsa jiki a mako? Na ɗauko ta ne daga shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020, wadda a karon farko ta sa masu nakasa a ciki, ta ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 a mako. Shawara ce mai kyau, har gobe ina tare da ita. Amma mutumin da daga shimfiɗa zuwa buta, daga buta zuwa masallaci, daga masallaci zuwa wurin walda duk a kan hannu yake zuwa, wace amsa zai ba ni? Shi ba ƙarin motsi yake nema ba, yana neman wanda zai gaya masa inda zai tsaya. Wata shida ina gyara wannan tambayar, kuma ban taɓa karanta masa ita na ji ra'ayinsa ba.

A hanyar gida abin ya yi ta cin raina. A watan Agustan 2020 aka ayyana cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna, wadda ake kira ta daji, Najeriya ce ta ƙarshe, muka yi murna, kuma murnar ta cancanta. Amma waɗanda cutar ta riga ta taɓa suna nan, a Kano kaɗai Allah ne ya san yawansu, kuma yanzu ne suke manyanta. Mu kuma in za mu buɗe babi na ɗaya sai mu jero zinare takwas da 'yan wasanmu suka ciyo a gasar nakasassu ta duniya a Riyo a 2016, mu ambaci Lucy Ejike mai ɗaga nauyi, wadda ita ma shan inna ce ta sa ta a keke, mu kawo dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019. Duk gaskiya ne. Daga nan mu zo fili da tef da agogo, mu auna, mu tafi. Ban ga laifin yaron mai tabarau ba, don na san yadda abin yake: ka kare kundi, a ɗaure shi da baƙin bango, a kai ɗakin karatu, kai kuma ka shiga neman aiki. Ni ma hanyar da na ɗauko ke nan. Da Koci bai buɗe ledar nan ba, da haka zan wuce.

Na sake duba shafi huɗun safe. Babu abin da zan soke a ciki, ina buƙatar kowane layi. Sai dai duk maganar yadda zan isar da aikina ga masana ce. Yadda zan mayar da shi wurin mutanen da na samo shi a jikinsu, da harshen da suke ji, bai zo a zama uku ba. A takardar jin ra'ayi da suka turo na rubuta musu haka, na roƙi a ware masa zama guda. Na kuma tura wa Dakta saƙo ina neman izini in cire tambaya ta tara, in zauna da Koci da mutum biyu cikin manyan 'yan wasan mu sake ta tare. Ya amsa da "Zo ofis Alhamis."

Tuwo ya huce kafin na ci. Umma ta tambaya ko lafiya, na ce gajiya ce.

Bayan isha na shige ɗaki na ɗauki saƙon murya don zaurensu na WhatsApp, tunda ba dukansu ke karatun boko ba. Na farko ya yi minti tara, na goge. A na biyu na ji kaina ina zuba Turanci, na goge. Na uku minti huɗu ne: alamomin, misalin 'yan dako, cewa ba a ɗauka, da inda za a je a duba. Ban ambaci sunan kowa ba. Kafin in saka a zaure na fara tura wa Koci shi kaɗai, na ce in bai yarda ba ba zan saka ba.

Sha ɗaya saura yanzu. Saƙon ya shiga wayarsa, bai buɗe ba tukuna.