Daren da dumsor (ɗaukewar wutar lantarki) ya yi mana rana

Shekara uku ke nan ina taya wata 'yar ƙungiyar masu kallon taurari a Accra ɗaukar kaya. Babu masani a cikinmu: malamin makaranta ne, da tela, da direban trotro (ƙaramar bas ta haya), sai ni. Madubin hangen nesan namu ya tsufa, ƙafarsa ɗaya ma da waya aka ɗaure ta, kuma a rufin wani bene a Nima muke kafa shi.

Gaggawa ce ta fara kunyata ni. Daren farko na hau da waya a hannu, na leƙa, na ce ni ban ga komai ba. Dattijonmu ya ce, "Ɗana, sa wannan abar a aljihu tukuna." Ashe ido sai ya yi minti 20 zuwa 30 cikin duhu kafin ya buɗe sosai, kuma duba allon waya sau ɗaya ya isa ya mayar da kai farko. Shi ya sa tocilarmu ma jar leda muka ɗaura mata.

Da ina ganin sai mai babbar na'ura ke da ta cewa, irin faifan nan mai faɗin mita 32 da ke Kuntunse kusa da Accra, tsohuwar eriyar sadarwa da aka mayar ta sauraron sararin sama aka ƙaddamar a 2017. Sai wani dare aka ɗauke wuta daga Nima har Maamobi. Ƙasa ana ta tsaki saboda zafi da sauro, mu kuwa a sama ga Kaza da 'Ya'yanta tar, ga Jupita da watanninta huɗun da Galileo ya gani a 1610, jere kamar ƙwayoyin gero. Yara suka yi layi. Duk wanda ya leƙa sai na ɗan tura madubin, domin duniya na juyawa digiri 15 a kowace awa, abin kallo ba ya tsayawa. Wata yarinya ta rantse ni nake gusar mata da shi don mugunta.

Hazon hunturu kam ba shi da magani, sai dai mu sha shayi mu sauko.

Idan azumi ya ƙarato maƙwabta kan tare mu a bakin bene: "Baba, an ga wata?" Dattijonmu kuwa amsarsa ɗaya ce kullum: kallo namu ne, sanarwa ta Limamin Ƙasa ce.